Buromiliya: 'Yar'uwar Abarba Mai Fure Sau Ɗaya Tak

Buromiliya suna ne na wani babban dangin tsirrai mai nau'o'i sama da 3,000, wanda abarba ce muka fi sani a cikinsu. An raɗa wa dangin wannan suna ne don tunawa da Olof Bromelius, likita kuma masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin na ƙarni na 17. Nahiyar Amurka ce mahaifarsu, in ban da nau'i ɗaya, Pitcairnia feliciana, da ke tsirowa a kan duwatsun ƙasar Gini. Waɗanda aka fi sayarwa don adon falo da ofis su ne Guzmania da Vriesea da Aechmea. Jan tulluwar da ke ɗaukar idon mai saye galibi ba fure ba ce, ganyaye ne masu launi da ke kāre ƙananan furanni, kuma takan yi watanni ba ta dusashe ba.

A dajinta na asali, kan rassan itatuwa take maƙalewa, amma ba ta tsotson itacen kamar yadda kauci ke yi. Saiwarta ta riƙo ce kawai. Ganyayenta ne ke haɗuwa a tsakiya su yi ƙoƙo, nan ruwan sama ke taruwa, nan take sha. Wanda ya dasa ta a jar ƙasa ko laka, yana kwarara mata ruwa safe da yamma, saiwar za ta ruɓe. Abin da ya dace shi ne ƙaramar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, a cika ta da ɓawon itace da dakakken gawayi da yashi, a jiƙa kawai idan ta bushe.

Ƙoƙon nan ne ke buƙatar natsuwa. Ruwan sama ya fi mata, domin wani ruwan rijiya ko burtsatse yakan bar farin gishiri a ganye. Kada a bar ruwan ya wuce mako guda: a karkata tukunyar a zubar, a ɗauraye, a zuba sabo. Sauro nau'in Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin denge, yana son irin wannan ɗan ruwa mai tsabta, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwansa ya zama sauro. A unguwa irin Tudun Jukun ta Zariya, inda gidaje ke manne da juna, sakacin gida ɗaya na iya shafar maƙwabta. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, gara ya nemi wata shukar.

Yanayin Zariya ma sai an lallaɓa. Da hunturu iska kan bushe ƙayau, bakin ganye ya ƙone. A riƙa fesa mata ruwa da safe, a goge ƙura da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kuma shigo da ita ɗaki da dare. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 35, a ajiye ta inda haske ke isa amma rana ba ta dukanta, kamar baranda ko bayan labulen taga. Taki kaɗan take so, a tsarma shi sosai.

Sau ɗaya take fure, daga nan uwar ta fara mutuwa sannu a hankali. Da yawa kan zaci an sayar musu da mai cuta, su jefar, alhali 'ya'ya ne ke fitowa a gindinta. Idan ɗan ya kai sulusi ko rabin tsayin uwar, a yanke shi da wuƙa mai tsabta a dasa daban; yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3 kafin ya yi nasa furen. In ya girma ya ƙi yi, a rufe shi cikin leda tare da nunanniyar tuffa na tsawon mako guda, a inuwa, bayan an zubar da ruwan ƙoƙon. Iskar etilin da tuffar ke fitarwa ce ke zaburar da shi, dabarar da manoman abarba ma ke amfani da irinta.