Daga Ganyen Kalgo Zuwa Leda: Tarihin Ƙunshin Abinci A Ƙasar Kebbe

Yawancin ƙasidun tarihi da 'yan'uwa ɗalibai ke kawo wa wannan mujalla tamu, a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe suke. Ni kuwa ƙaramin abu na ɗauko, watau abin da Bahaushe ke ƙunshe abinci da shi in ya saya, ya ci, ya yar. Zan tsaya ne a yankinmu na Kebbe da Tambuwal, can kudancin Jihar Sakkwato. Kada mai karatu ya rikita Kebbe da Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991, maƙwabtaka ce kawai tsakaninmu. Dalilina shi ne, yanzu ƙasashen duniya sun duƙufa neman mazubin abinci wanda in an yar da shi zai ruɓe ya koma ƙasa, har wasunmu na zaton sabon ilmi ne.

Kakanninmu sun kasa mazubi gida biyu, akwai na ajiya, akwai na yarwa. Na ajiya yawancinsa daga duma yake, wanda ake shukawa a gefen gona ko a bar shi ya hau danga. In ya ƙosa a fafe shi, a sami masaki da ƙwarya da ƙoƙo da ludayi, wanda mu can muke ce wa luddai. Sai akushi na masassaƙa, da faifai na rufi. Ƙwarya ko ta tsage ba a yar da ita, gyartai na nan zai ɗinke. A kasuwa Bafulatana za ta dama maka fura a ƙoƙonta, ka sha nan take, ka mayar mata da abinta. Mai son kai wa gida kuwa, da ƙwaryarsa yake zuwa.

Na yarwa shi ne ganye, sarkinsa kuwa kalgo, wanda Kanawa ke kira kargo. Duk wanda ya san shi ya san dalili. Ganyensa faffaɗa ne, mai kauri, a rabe biyu kamar kofaton raƙumi, ba ya saurin yagewa, kuma maiƙo ba ya ratsa shi da wuri. Ba a sayensa, ga shi nan birjik a saura da bakin hanya, in an sare shi ma ya sake tofowa. Mahauci ya ƙunshe nama da shi, mai ƙosai da mai daddawa haka, a yago ɓawon reshensa a ɗaure ƙunshin. Itace guda ya ba da mazubi, ya ba da igiya. Tubani kuwa a ganyen masara ko na dawa ake naɗe shi a dafa, kuma wanda ya ci na ganye ya ci na leda ya san ba ɗaya suke ba a baki.

Ba a ƙaramin ciniki kaɗai ganye ya yi aiki ba. Tambuwal na kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, Jega kuwa a ƙarni na 19 babbar kasuwa ce ta fatake masu zuwa Gwanja. Goron da suke ɗaukowa daga Salaga sai ya yi watanni a bayan jaki, ga shi abu ne mai saurin bushewa. Da me suka tsare shi? Da ganyen fita na kurmi. A shimfiɗa shi a huhu, a jera goro, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa, in an yi zango a kwance a tsince wanda ya ɓaci. Gishirin Foga ma, da ke shigowa ta ƙasar Kabi, a saƙar kaba ake ɗauro shi. Har gobe 'yan goro ba su rabu da ganye ba.

To, ga inda nake son mai karatu ya lura. Yarwa ba baƙon abu ba ne gare mu, abin da ake yarwa ne ya sake. A da, duk abin da aka share daga gida da kasuwa, ganye ne da kara da toka da kashin dabbobi da fasasshiyar ƙwarya, a tara a juji. Akuya ta ci abin da za ta ci, gara ta ci nata, saura ya ruɓe. Da bazara a cika mangala, jaki ya kai gona. Watau ganyen da aka ƙunshe ƙosai da shi bana, shi ne takin geron baɗi. Shi ya sa mai babban juji ba ƙazami ake ce masa ba, manomi ne.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kayan kanti suka yi ta ƙaruwa, kwano ya fara ture ƙwarya da akushi, har ya zama abin jere a ɗakin amarya. Amma kwano na ajiya ne, bai taɓa juji ba. Wadda ta fara ƙwace wa ganye kasuwa ita ce takarda, tsohuwar jarida da buhun siminti, musamman bayan masana'antar Kalambaina ta fara aiki a 1967. Masu tsire da kilishi suka rungume ta. Ni dai ban ga dacewar haɗa nama da ƙurar siminti ba, sai dai takarda ko ba komai tana ruɓewa.

Leda daga nesa ta zo. A 1933 aka gano sinadarinta a wata masana'anta ta kamfanin ICI a Ingila, a 1965 kuma wani kamfanin Suwidin mai suna Celloplast ya yi rajistar jakar nan mai hannu biyu, ƙirar injiniyansa Sten Gustaf Thulin. Wajen shekarun 1990, da ruwan leda ya bazu a Nijeriya, ba ƙauyen da ba ta shiga ba. Kuma a faɗi gaskiya, ba a banza ta yi nasara ba. Ganye ba ya riƙe kunu ko mai ko nono. Da rani ya bushe ya yi wuyar samu. 'Yar talla ba sai ta tsaya jiran a mayar mata da ƙoƙo ba, matafiyi a tashar Tambuwal ya karɓi furarsa ta tagar mota ya wuce. Wanda ke zagin leda bai taɓa ɗaukar tallan koko ba.

Sai dai ta karya wancan zagaye na juji da gona. Yau in aka watsa takin juji, gona sai ta yi baƙi da fari, fartanya na tono leda shekara da shekaru. Akuya ba ta daina kiwo a juji ba, ta ji ƙanshin mai ta haɗiye, ta yi ta rama ba a san ciwonta ba, sai an yanka mahauta su ciro dunƙulen leda daga tumbinta. A wurin da akuya ita ce asusun mace, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga toshe lambatu da damina, ga hayaƙinta in an ƙona.

Ƙasashe da dama sun bi ta hanyar doka. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002, Ruwanda a 2008, Kenya a 2017. Jihar Legas ta hana farin mazubin nan mai kama da soso a Janairun 2024. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar tun 2014, amma leda ba ta bar kasuwannin Ƙonni da Maraɗi ba. A ganina dalilin a fili yake, an hana mai ƙosai abu ba a ba ta madadinsa ba. Indiya, wadda ta hana wasu kayan roba na yarwa a 2022, ta tarar da madadi a hannu. Can tun da daɗewa suna ɗinke ganye su yi faranti, yanzu kuma injin matsa mai zafi ke fitar da shi kamar na kanti. Har sauran rake da aka matse ruwansa ana niƙawa a yi mazubi da shi, mu kuwa ga rake a fadamunmu.

Amma kafin a yi maganar inji, sai an tambayi ina ganyen yake. Saura ta ƙare saboda yawan jama'a, masu itace da gawayi sun bi daji, dajin da ya rage kuma 'yan bindiga sun hana mata da yara shiga. In kalgo zai dawo kasuwa, sai dai ya fito daga cikin gona. An yi haka a ƙasar Maraɗi tun daga shekarun 1980, inda manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona, suna zaɓen tofo biyu ko uku masu ƙarfi su bari su girma, suna kiran abin sassabin zamani. Kalgo na cikin itatuwan da suka fi amsa wannan dabara, kuma ganyensa da ke zuba yana ƙara wa geron da ke gindinsa ƙarfi.