Daga wuƙar likita zuwa hoto: tarihin bambance cutar Fakinsan da ƴan uwanta

Gabatarwa

A ƙauyukan Ajekoriya, cikin gundumar Dakoro, idan dattijo ya fara karkarwar hannu, tafiyarsa ta yi nauyi, akan ce tsufa ne. In ya dace ya ga likita, sai a ce cutar Fakinsan. A wannan ɗan nazari muna son mu nuna cewa wannan suna ya daɗe yana rufe cututtuka dabam-daban, mu kuma bi hanyar da aka bi har aka iya rarrabe su.

Zamanin ido da zamanin gawa

A 1817 ne James Parkinson, likita a Landan, ya bayyana cutar bisa mutum 6 da ya lura da su. Daga baya Charcot, a asibitin Salpêtrière na Paris, ya raɗa mata sunansa. Ido kawai suke da shi.

Wuƙar masu binciken gawa ce ta fara raba gardama. A 1964, Steele da Richardson da Olszewski, a Toronto, suka bayyana cutar da ake kira PSP, wadda mai ita yake yawan faɗuwa tun da wuri, idonsa kuma ya kasa duban ƙasa. A 1969 Graham da Oppenheimer suka ba wata sunan da Faransanci ke taƙaitawa AMS, mai haɗawa da matsalar fitsari da jiri in an miƙe tsaye. A 1992 Hughes da abokan aikinsa suka duba ƙwaƙwalwar mamata 100 da aka yi wa shaidar Fakinsan: 76 kaɗai ke da ita. Wato gaskiya ba ta fitowa sai bayan mutuwa.

Wannan kuskure ba ƙarami ba ne. Maganin lebodofa, wanda Cotzias ya nuna amfaninsa a 1967, yana taimakon mai Fakinsan shekaru da yawa, amma kaɗan yake yi wa masu PSP da AMS, waɗanda cutarsu ta fi sauri.

Zamanin hoto

An fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar majinyaci da sikana a Landan a 1971, amma sikana ba ta nuna Fakinsan. Amfaninta shi ne kore shanyewar jiki, ko ƙari, ko taruwar ruwa. IRM ce ta kawo canji. A PSP saman gindin ƙwaƙwalwa yana ƙanƙancewa har hoton ya yi kama da ɗan tsuntsu mai dogon baki. A AMS akan ga alamar gicciye a ƙasa da nan. A Fakinsan ta ainihi kuwa, hoton yakan fito kamar na mai lafiya. DaTscan, da aka amince da shi a Turai a 2000, yana raba karkarwar gado da waɗannan cututtuka uku, amma ba ya raba su da junansu. Haka kuma alamomin IRM sau da yawa ba sa bayyana a farkon ciwo.

Kammalawa

Darasin da muka ɗauka shi ne, hoto shaida ne mai ƙarfafa abin da likita ya ji kuma ya gani. Majinyacin Ajekoriya sai ya bi ta asibitin Dakoro, sannan Maraɗi ko Yamai, kuma sau da yawa sai iyali sun sayar da dabba. Don kada a yi wannan tafiya a banza, ya kamata malamin asibitin ƙauye ya rubuta abu uku tun ranar farko: yaushe aka fara faɗuwa, yaya ido da fitsari suke, kuma me lebodofa ya yi bayan ƴan watanni. Da wannan takarda ne likitan ƙwaƙwalwa zai san wanda hoto zai amfana, ya kuma san abin da zai nema a cikinsa.