Aƙidar Likitan Ƙwaƙwalwa da Aikinsa: Darasi daga Malik Badri

A 1927 Sigmund Freud ya wallafa littafin da ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da ɗan Adam ke rarrashin kansa da shi. Shekaru da dama wannan ra'ayi ya yi tasiri a horon masu jinyar tunani a Turai da Amurka, har ɗalibi mai addini ya saba da ajiye imaninsa a bakin ƙofar asibiti. A 1980 Allen Bergin ya ƙalubalanci wannan al'ada a Amurka. Hujjarsa ita ce babu jinyar da ta kuɓuta daga aƙidar mai yin ta, domin shi ne ke yanke abin da ake kira ciwo da abin da ake kira waraka. Albert Ellis, wanda bai yi imani da Allah ba, ya mayar masa da martani a shekarar.

Kafin nan Malik Badri, ɗan Sudan da aka haifa a Rufa'a a 1932, ya riga ya taɓo batun. Littafinsa na 1979 kan tsaka-mai-wuyar masana halayyar ɗan Adam Musulmi ya soki masu kwaso ra'ayoyin Yamma ba tacewa, yana kamanta su da waɗanda hadisi ya ce za su bi wasu ko da ramin damo suka shiga. Sai dai Badri bai yi watsi da ilimin ba. A Ingila ya ƙware, kuma ya ci gaba da aiki da dabarun gyaran ɗabi'a. Abin da ya ƙi shi ne falsafar da ke ɓoye a ƙarƙashinsu.

Waswasi ya fi nuna inda gizo ke saƙar. Mutum ya yi alwala ya sake, ya kuma sakewa har lokacin salla ya fita. Likitan da bai san fiƙihu ba yana iya ɗora laifin a kan ibadar kanta, mara lafiya kuwa ya ɗauke ƙafa. Wanda ya sani zai tuna masa ƙa'idar malamai cewa shakka ba ta kawar da yaƙini, sannan ya horar da shi ya yi alwala sau ɗaya, ya daure wa fargabar har ta lafa. Dabarar ta asibiti ce, amma yardar mara lafiya daga addini ta fito.

A ganina haɗarin da ba a cika faɗa ba yana ɗaya ɓangaren. Likita mai riƙo da addini yana iya rikiɗewa ya zama mai wa'azi, ya ce wa mai ciwon damuwa ƙarancin tawakkali ne ke damunsa, ya ƙara masa jin laifi a kan ciwon da yake fama da shi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda Badri ya fassara aikinsa zuwa Turanci, tun ƙarni na tara ya bambance baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke tasowa daga jiki, ya ce na biyun magani yake buƙata.