HIF: yadda jiki ke gane oksijin ta ragu, da dalilin da jinin masu ciwon ƙoda ba ya hawa

HIF wani furotin ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar jikin ɗan Adam. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, shi ne ke zuwa ya tayar da ƙwayoyin gadon da za su taimaki jiki ya jure. Na ga ya dace in yi bayaninsa saboda wata tambaya da nake yawan ji a nan Nyanya, kuma na san ana yin ta a Agege da Sabo ta Ibadan da Fatakwal: me ya sa mai ciwon ƙoda jininsa ba ya hawa, alhali an ba shi maltina da madara har ya gaji, an matse masa ganyen ugu, an dafa masa zogale?

Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen dubu 20, amma ba duka suke aiki lokaci guda ba. Wasu a kunne suke, wasu a kashe sai buƙata ta taso. HIF na cikin masu kunnawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jiki ba ya jira sai iska ta ragu kafin ya ƙera HIF. Kullum ƙera shi yake yi, kullum kuma rushe shi yake yi. Duk wanda ya zauna a gefen Abuja ya san yadda rusau ke zuwa: a fara shafa wa gini jan fenti, daga baya katafila ta biyo alamar. To kusan haka ne a cikin ƙwayar jiki. Akwai wasu sinadarai da aikinsu shi ne su sa wa HIF alama, kuma fentin nasu da oksijin ake yin sa, suna kuma buƙatar sinadarin ƙarfe kafin su yi aiki. Da zarar alamar ta hau, sai wani furotin mai suna VHL ya gane ta, ya miƙa HIF ga injin da ke niƙe furotin. Cikin 'yan mintoci an gama da shi. Ran da oksijin ta yi ƙasa kuwa, fenti ya yanke. Ba alama, ba rusau. Sai HIF ya taru, ya shiga tsakiyar ƙwayar inda aka adana gado, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Wasu su sa a toho sababbin ƙananan jijiyoyin jini, wasu su sa ƙwayar ta koma samun ƙarfi daga sukari ba tare da dogaro da iska sosai ba, wani kuma ya ba da umarnin a ƙara jini.

Mutum uku suka warware wannan. Gregg Semenza na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gano HIF a farkon shekarun 1990, ya kuma tace shi a 1995. Peter Ratcliffe na Oxford a Ingila, wanda asalinsa likitan ƙoda ne, ya nuna a 1999 cewa sai da VHL ake rushe shi. William Kaelin na Harvard ya biyo ta hanyar wani ciwon daji na gado da ke kama masu lalataccen VHL. A 2001 shi da Ratcliffe, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano maganar alamar nan. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin lafiya a 2019.

Yanzu ga inda ƙoda ta shigo. Jini a ɓargo ake yin sa, amma ɓargo ba ya ƙara aiki sai an aiko masa da saƙo. Saƙon wani sinadari ne da ake kira EPO, kuma a jikin babba mafi yawansa daga ƙoda yake fitowa. A cikin ƙoda akwai ƙwayoyin da ke lura da oksijin da jini ya kawo. In ta ragu, HIF ya taru a cikinsu, su saki EPO, ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ne ya sa wanda ya koma zama a tsaunin Mambila, ko ɗan ƙwallon da aka kai atisaye Adis Ababa, mai tsayin sama da mita 2,300, jininsa ke ƙaruwa bayan wasu makonni.

Idan ƙoda ta lalace, yawanci ta dalilin hawan jini ko ciwon suga, waɗannan ƙwayoyin ma sun taɓu. Ɓargo lafiyarsa ƙalau, kayan aiki na nan, mai aiko da saƙo ne babu. Don haka ko kwalba nawa ta maganin ƙarin jini aka sha, PCV ba zai motsa yadda ake so ba. Ni a ganina kuɗin da iyalai ke kashewa a kan irin waɗannan gara a tara su a je awon ƙoda da su. Ganye ma ba kowanne ne ya dace da mai ciwon ƙoda ba, a tambayi likita kafin a ba shi. Abin da likitoci ke bayarwa shi ne allurar EPO, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1989, galibi haɗe da maganin ƙarfe. Tana da tsada, tana iya tayar da hawan jini, sannan a firji ake ajiye ta, mu kuwa mun san halin wutarmu. Masu zuwa wankin ƙoda a Asibitin Ƙasa na Abuja da sauran cibiyoyi sun san zancen.

Daga wannan ilimin aka samo ƙwayoyin sha da ke hana masu sa alama aiki, jiki ya ɗauka iska ta ragu ya saki nasa EPO. Roxadustat ta samu amincewa a ƙasar Sin a ƙarshen 2018, daprodustat kuma a Amurka a 2023. Ba magungunan da mutum zai saya wa kansa a kemis ba ne. Ciwon daji ma yana amfani da HIF ya janyo wa kansa jijiyoyin jini, shi ya sa aka yi wani maganin, belzutifan, mai toshe shi, wanda Amurka ta amince da shi a 2021.

Masu sikila nasu daban ne. Saƙon yana zuwa, ɓargo yana ta aiki, sai dai jajayen ƙwayoyinsu kwana 10 zuwa 20 suke yi maimakon kusan 120, abin da ake ƙerawa ba ya cike abin da ke mutuwa.

Kada wani ya ji duk wannan ya ɗauka jiki zai kare kansa daga kowane irin ƙarancin iska. Tsarin HIF a hankali yake tafiya: EPO sai bayan awanni yake hawa, sabon jini kuma sai an yi kwanaki. Hayaƙin janareta ba ya ba da wannan lokacin. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana riƙe jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. A gidajen haya irin na Nyanya da Mararaba, inda ake tura janareta cikin baranda ko bakin ƙofa don tsoron ɓarawo ko ruwan sama, mutum yana barci za ta gama da shi kafin asuba. A ajiye shi a fili, nesa da taga. Wanda aka tarar da ciwon kai da jiri da amai a ɗakin da hayaƙi ya shiga, a fito da shi waje nan take, a wuce da shi asibiti a sa masa oksijin.