Jirgin Typhoon: Wanda Ya Saura Bai Ga Fagen Fama Ba

A gidan tarihin mayaƙan sama na Ingila da ke Hendon, arewacin birnin Landan, akwai wani jirgin yaƙi mai suna Hawker Typhoon, mai lamba MN235. Fiye da 3,300 irinsa aka ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma shi kaɗai ya rage cikakke a doron ƙasa.

Asali an ƙera Typhoon ne don ya yi karon batta da jiragen Jamus a sararin sama. Da ya fara aiki a 1941 sai ya ba da kunya: ga hayaƙin inji yana kutsawa wurin matuƙi, ga wutsiya takan ɓalle ana cikin tafiya. Sai da aka sauko da shi ƙasa-ƙasa, aka ɗora masa rokoki 8 bayan manyan bindigogi 4 da yake da su, sannan ya sami sana'arsa, wato farautar tankoki da ayarin motoci. A watan Agusta na 1944 ya yi wa sojojin Jamus luguden wuta a Falaise ta ƙasar Faransa, ko da yake binciken da aka yi daga baya ya nuna tankokin da rokokin suka tarwatsa ba su kai yadda matuƙa suka faɗa ba. Tsoro ne ya sa da yawa suka watsar da motocinsu suka ranta a na kare.

Akwai kuma abin takaici. Ranar 3 ga Mayu, 1945, jiragen Typhoon suka nutsar da jirgin ruwan Cap Arcona kusa da Lubek, ba tare da matuƙan sun san fursunonin sansanonin 'yan Nazi ne maƙare a ciki ba. Dubban mutane suka halaka, saura kwana biyar yaƙi ya ƙare a Turai.

Da ƙura ta lafa sai aka sassare jiragen aka narkar. Shi MN235 abin da ya cece shi shi ne an tura shi Amurka a 1944 don gwaji, bai taɓa harba ko harsashi ɗaya ga abokan gaba ba. A ganina mai ziyara ya kamata ya riƙe wannan a ransa, domin fes ɗin da yake gani ba kamannin yaƙi ba ne. Cibiyar Smithsonian ce ta adana shi har 1968, lokacin da Ingila ta karɓo shi, ta ba da jirgin Hurricane a madadinsa.