Daga Tsinken Ƙarfe Zuwa Gwangwani: Tarihin Fitilar Hanuka

Duk wanda ya taɓa ganin hoton menora, wato fitilar ibada ta Yahudawa, zai ɗauka kayan masu hali ce, domin galibi ta azurfa ko ta tagulla ake nunawa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Fitilar da aka harhaɗa da abin da hannu ya tarar tana nan tun ranar da aka kafa bikin.

A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Antiyokus na Huɗu, Bagirken da ke mulkin Sham, ya haramta ibadar Yahudawa a Ƙudus, bayan ya riga ya kwashe kayan Haikali, har da menorar zinariya mai rassa 7. Yahuza Makabi da 'yan uwansa suka yi tawaye, suka ƙwato wurin a shekara ta 164, suka tsarkake shi ranar 25 ga watan Kisleb. Tunawa da wannan shi ne bikin Hanuka, na kwana 8, wanda yakan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na 'yar kwalbar man zaitun da ta isa kwana ɗaya amma ta kai 8. Akwai wata ruwaya kuma a Talmud, babban kundin malamansu, wadda a ganina ta fi cancantar nazari. Ta nuna cewa mayaƙan ba su da zinariya, sai suka kafa tsinkunan ƙarfe, suka shafe su da kuza, suka kunna wuta a kai. Sai da wadata ta samu aka yi ta azurfa, daga baya ta zinariya.

Hukuncin malamansu ma bai rataya a kan mazubi ba, a kan wutar ya tsaya. Ana kunna ɗaya a daren farko, a riƙa ƙara ɗaya kowane dare har su cika 8, ga kuma ta tara da ake kira shamash, ma'ana hadima, wadda da ita ake kunna sauran. Sharaɗi shi ne wutar ta yi kamar rabin sa'a tana ci, a bakin ƙofa ko taga. Musa bin Maimun, malamin nan haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya tsananta har ya wajabta wa mai cin sadaka ya ci bashi ko ya sayar da rigarsa don sayen mai.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Kafin zuwan tocila, gidajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da aci-bal-bal suke kwana: kasko, da man gyaɗa ko man kaɗe, da lagwanin auduga. Da kananzir ya shigo, sai gwangwanin madara ya zama fitila. Talauci iri ɗaya, hikima iri ɗaya. Matalautan Yahudawa a ƙauyukan Poland da Rasha sukan rarake dankali su zuba mai. Na Yaman da dutse suke sassaƙa tasu, a Maroko kuwa an samu maƙeran da suka ƙera ta da gwangwanayen kifi.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mallakar kayan ibada a sansanonin 'yan Nazi kan jawo azaba ko kisa. Fursunoni kan ware ɗan kitsen da ake ba su, alhali yunwa na cin su, su zare zare daga tsummokaran jikinsu su murza lagwani. A sansanin Terezin, a ƙasar Cek ta yau, Arnold Zadikow da Leopold Hecht sun sassaƙa menorar katako a ɓoye a 1942. Zadikow ya rasu a can a 1943. Fitilar ta tsira, tana ajiye a gidan tarihin Yahudawa na birnin New York.