Yadda mota ta tilasta wa Amurka gina zango a cikin daji

A wannan karon za mu leƙa Amurka ne, mu duba tarihin wata al'ada da idan aka fara faɗa wa Bahaushe sai ya yi murmushi. Mutum yana da gidansa da gadonsa da wutar lantarki, amma ranar hutu ya kwashi iyalinsa ya nausa daji, ya kafa tanti, ya kwana a ƙasa, kuma ya biya kuɗi a kan hakan. A wurinmu wanda ya kwana a daji ko mafarauci ne, ko makiyayi, ko direban da mota ta lalace masa. A can kuwa miliyoyin mutane ke yin haka duk shekara, kuma gwamnati ce ta tanadar musu wuraren. Za mu kira wuraren nan da zango, domin ba mu ga kalmar da ta fi ta dacewa ba: inda matafiyi ke sauke kaya, ya hura wuta, ya kwana, gari ya waye ya ɗaura.

Gandayen daji na gwamnatin tarayyar Amurka guda 154 ne. Idan aka haɗa su da filayen ciyawa 20 da hukuma ɗaya ke riƙe da su, faɗinsu eka miliyan 193 ne, wato kusan murabba'in kilomita 780,000. Nijeriya gaba ɗayanta 923,000 ce da 'yan kai, kun ga girman abin ke nan. A cikinsu akwai dubban zanguna, da turbobin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 250,000. Wanda ya ji wannan zai ɗauka tun asali don shaƙatawa aka keɓe dazuzzukan, alhali waɗanda suka keɓe su ko tunanin haka ba su yi ba.

A 1891 majalisar dokokin Amurka ta ba shugaban ƙasa ikon keɓe daji, saboda kamfanonin katako suna share itatuwa ba ji ba gani. Dokar 1897 ta fayyace dalilin keɓewar: a kare dajin, a kare ruwan da ke gangarowa daga cikinsa, a tabbatar katako bai yanke wa 'yan ƙasa ba. Babu maganar hutu ko yawon buɗe ido a ciki. A 1905, zamanin shugaba Theodore Roosevelt, aka kafa hukumar gandun daji a ƙarƙashin ma'aikatar noma, aka ba Gifford Pinchot shugabancinta. Mutumin ya koyi aikin daji a Faransa, kuma a ganinsa daji gona ce ta itace, a sara da lissafi, a bar na baya su taso. Turbobin farko da aka yi, an yi su ne don malamin daji ya hau dokinsa ya kewaya, ya ƙirga dabbobin makiyaya, ya isa wurin wuta kafin ta gagara. Bayan gobarar watan Agustan 1910, wadda ta cinye kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80, yawancinsu masu kashe wutar ne, sai hukumar ta zama ba ta da abin tsoro kamar wuta. Ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin sauran labarin.

Abin da ya dagula lissafin shi ne mota. A 1908 kamfanin Ford ya fito da ƙirar Model T, farashinta ya yi ta sauka har ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya saye. Dajin da a da sai mai doki da guzurin kwanaki ke shiga, yanzu magidanci zai tashi daga birni da safe ya isa kafin azahar. Mutane suka fara kwarara, babu wanda ya gayyace su, kuma babu dokar da ta hana su tunda dajin na gwamnati ne. Kowa ya tsaya inda ya ga inuwa, ya sare reshe ya hura wuta, ya tafi ya bar garwashi. Babu banɗaki, sai bakin rafi, kuma rafin nan shi garuruwan da ke gangare suke sha. Malaman daji suka ga korar jama'a ba za ta yiwu ba, abin da ya rage shi ne a tara su wuri ɗaya inda ido zai kai.

Akwai kuma kishi a ciki. A 1916 aka kafa wata hukumar daban mai kula da wuraren shaƙatawa na ƙasa, irin su Yellowstone, kuma sau da yawa idan za a buɗe sabon wurin shaƙatawa daga cikin gandun daji ake yanko shi. Hukumar gandun daji ta fahimci cewa idan ba ta nuna ita ma ta iya karɓar baƙi ba, za a yi ta gutsure mata ƙasa mafi kyau. A shekarar nan ta 1916 ta buɗe zangon Eagle Creek a jihar Oregon, a bakin sabuwar hanyar mota da ta bi gaɓar kogin Columbia daga birnin Portland. Shi ake lissafawa a matsayin zango na farko da hukumar ta gina da cikakken tsari: teburan cin abinci, banɗaki, wurin rajistar baƙi, da malamin daji mai zama a wurin. Daga nan aka fasa dutse da nakiya aka fitar da turbar ƙafa mai kimanin kilomita 21, wadda a wani wuri take ratsa ramin da aka huda a bayan ruwa mai zubowa daga saman dutse. A lokacin zafi na 1919 kaɗai, kusan mutum 150,000 suka ziyarci wurin.

Duk da haka kuɗi bai biyo baya ba. A 1919 hukumar ta ɗauki Arthur Carhart, masanin tsara filaye na farko da ta taɓa ɗauka aiki. A garin Pueblo na jihar Colorado, garin ma'aikatan ƙarfe, sai da mutanen gari suka kafa ƙungiya suka yi karo-karo kafin a gina zangunan da ya zana. A shekarar ce kuma aka tura shi tafkin Trappers ya auna filayen gidajen hutu da hanyar mota da za ta kewaye tafkin, ya dawo ya ce wa shugabanninsa mafi alheri a bar wurin yadda yake, suka kuma amince. A 1922 majalisa ta ware dala 10,000 kacal don zangunan ƙasar baki ɗaya, kuma sharaɗin kuɗin shi ne tsafta da rigakafin gobara. Carhart ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar.

Mutumin da ya ba zangon Amurka siffar da yake da ita har yau ba magini ba ne, masanin cututtukan itatuwa ne mai suna Emilio Meinecke. An kira shi ya duba dalilin da ya sa manyan itatuwan Kalifoniya ke shan wahala a wuraren da baƙi suka fi taruwa. Ya gano cewa tayar mota da tafin ƙafa suna danne ƙasa har ta yi tauri, iska da ruwa su kasa kaiwa ga saiwa, itace ya mutu a hankali yana tsaye. Da inuwa ta ƙare a wuri sai jama'a su matsa gaba, su kashe na gaban ma. A 1932 ya fitar da shawararsa. A yi hanya mai zagaye wadda mota ke bi ta fuska ɗaya, a fitar da 'yan gajerun rassa daga jikinta, kowane reshe mota ɗaya. A jera duwatsu da gungume don kada direba ya kauce. A kafa murhu da tebur yadda ba za su ɗauku ba, domin inda murhu yake nan mutum zai zauna, inda ya zauna nan zai kafa tanti. A ganinmu wannan ita ce dabara mafi kaifi a duk tarihin: ba a kafa allon gargaɗi ba, ba a ɗauki mai gadi da sanda ba, an dai ajiye murhu a inda ake so mutum ya tsaya, shi kuma yana ganin zaɓinsa ne.

Zane ya samu, saura hannun da zai yi aikin, sai karyewar tattalin arziki ta kawo shi. A 1933 shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa masu aikin kare muhalli da aka fi sani da CCC. Ana ɗaukar samari marasa aure kuma marasa aikin yi, sojoji ke kula da sansanoninsu, a ba su abinci da tufafi da dala 30 a wata, amma dala 25 daga ciki gida ake aika wa iyaye kai tsaye. Daga 1933 zuwa 1942 kimanin samari miliyan 3 suka bi ta cikin shirin. Sun dasa itatuwa kimanin biliyan 3, sun gina gadoji da hasumiyoyin hangen wuta da rumfunan dutse da zanguna bisa tsarin Meinecke, da yawansu ana amfani da su har yanzu. Sai dai shirin bai tsira daga cutar zamaninsa ba. Ba a ɗauki mata ba, kuma daga 1935 aka mayar da ware sansanin baƙaƙe daga na farare ƙa'ida.

Turbobi masu nisa kuwa 'yan sa-kai ne suka fara su. A 1921 Benton MacKaye ya kawo shawarar a yi turba ɗaya a kan tsaunukan Appalachian, aka kammala ta a 1937. Tsawonta kimanin kilomita 3,500 ne, ta ratsa jihohi 14 daga Georgia zuwa Maine, kuma ƙungiyoyin sa-kai ke share ta har gobe. A 1955 wata dattijuwa mai shekara 67, Emma Gatewood, mai 'ya'ya 11, ta taka ta tun daga farko har ƙarshe ita kaɗai, da takalmin roba da 'yar jaka a kafaɗa.

Akwai tambayar da masu yabon wannan tarihi kan tsallake: kafin a keɓe dajin, na wane ne? Turawa sun tarar da mutane a ƙasar, kuma yawancin gandayen nan ƙasar kakanninsu ce. Misali mafi bayyana shi ne na al'ummar Taos Pueblo a jihar New Mexico. Suna da wani tafki a kan dutse, Blue Lake, wanda yake wuri mai tsarki a addininsu. A 1906 gwamnati ta haɗa shi cikin gandun daji ba tare da ta biya su ba, baƙi suka riƙa zuwa kamun kifi da kwana a inda su suke ibada. Shekara 64 suna bin haƙƙinsu. An yi musu tayin diyya suka ce ba kuɗi suke nema ba, tafkinsu suke so. A watan Disambar 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta mayar musu da eka 48,000, kuma yau baƙo ba ya zuwa wurin.

Sai a 1960 doka ta sanya shaƙatawa a jerin ayyukan gandun daji, kafaɗa da kafaɗa da katako, kiwo, ruwa da namun daji, wato shekara 44 bayan buɗe Eagle Creek. A 1968 aka yi dokar turbobin ƙasa. Amma tsohon abin tsoron nan bai tafi ko'ina ba. A 1995 kashe gobara na cin kashi 16 cikin 100 na kasafin hukumar, zuwa 2015 ya haura rabi, kuma a wancan lokacin abin da wuta ta ci daga kuɗin gyaran gada da banɗaki da turba aka riƙa zaftare shi.

Eagle Creek ma bai tsira ba. Ranar 2 ga Satumba 2017, ana tsaka da fari, hukuma ta hana hura wuta, wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin wasan tartsatsi, irin wanda yara ke harbawa lokacin bukukuwa, cikin kwazazzabon. Mutum kimanin 150 da ke kan turbar wuta ta tare musu hanyar komawa, suka kwana a daji ba shiri, washegari aka fito da su ta wata hanyar. Gobarar ta ɗauki kusan wata uku, ta cinye kusan eka 50,000, har ta tsallake kogin Columbia zuwa jihar Washington. A 2018 kotu ta umarci yaron ya biya diyyar fiye da dala miliyan 36, ya kuma yi wa hukumar gandun daji aikin sa'o'i 1,920 kyauta. Turbar da aka fasa da nakiya a 1916 ta zauna a rufe fiye da shekara uku, sai a watan Janairun 2021 aka sake buɗe ta.